Kilt da Kayan da Ake Haɗa Shi da Su

Kilt shi ne tufafin gargajiya na mazan Sikotilan, kuma asalinsa daga tsaunukan arewacin ƙasar ne, yankin da ake kira Hailan. Yadin ulu ne mai layuka masu ratsa juna a tsaye da a kwance, wanda ake ce wa tartan. Ana ɗaura shi a ƙugu ya sauko zuwa gwiwa. Bayansa ninki-ninki ne, gabansa kuwa shafaffe, shafi biyu ɗaya bisa ɗaya. Cikakken kilt kan ci yadi 8, kimanin mita 7.3, kuma telan da ke ɗinka shi da hannu kan kwashe kwanaki a kansa. Saboda tsadarsa da ƙarkonsa, yawancin maza guda ɗaya suke mallaka, wani ma gadonsa ya yi daga mahaifinsa. Da wannan guda ɗayan mutum zai je kallon ƙwallo, da shi zai je ɗaurin aure, da jana'iza, da liyafar dare. Abin da ke sauyawa shi ne takalmi, da safa, da riga, da kwat, da jakar gaba. Su ne ke gaya wa mai kallo ko rana ce ko dare, ko taron na nishaɗi ne ko na girmamawa. Don haka duk ilimin shigar kilt ya tattara ne a kan sanin haɗa waɗannan kaya.

Inda ƙa'idojin suka fito

Kilt na farko, wanda a harshen Gelik ake kira féileadh mòr, wato babban naɗi, ƙaton bargo ne da mutum kan tattara, ya ɗaure da bel a ƙugu, ya yafa abin da ya saura a kafaɗa, ko ya rufe kai da shi idan ruwa ya sauko. An ambace shi a rubuce tun a ƙarshen ƙarni na 16. Ƙaramin kilt, wanda aka yanke wa ɓangaren sama, ya yaɗu ne a farkon ƙarni na 18. Akwai labarin da ke cewa wani Bature ɗan Ingila mai masana'antar narka ƙarfe a Invergarry, Thomas Rawlinson, shi ya fito da shi a shekarun 1720 domin ma'aikatansa su ji daɗin aiki, amma masana tarihi da dama na Sikotilan ba su yarda da wannan ba.

Bayan da aka murƙushe tawayen magoya bayan gidan sarautar Stuart a filin Culloden a ranar 16 ga Afrilu, 1746, majalisar Birtaniya ta kafa dokar da ta hana mazan Hailan sa tufafinsu. Dokar ta soma aiki a ranar 1 ga Agusta, 1747. Wanda aka kama karon farko ɗaurin wata 6 ne hukuncinsa, karo na biyu kuwa a kai shi ƙasashen ƙetare na shekara 7. Sojojin sarki kaɗai aka ɗauke wa. Sai a 1782 aka soke ta. A cikin waɗannan shekaru 35 barikin soja ne ya zama gidan kilt, kuma har yau tambarin barikin bai bar jikinsa ba: maɗaurin kafaɗa a jikin kwat, da maɓallan ƙarfe, da naɗaɗɗen bakin hannu, da safa mai gida-gida ja da fari, duk kayan soja ne da farar hula suka ara.

Tushe na biyu shi ne fada. A watan Agusta na 1822 Sarki George na 4 ya ziyarci Edinbara, marubuci Walter Scott ne ya tsara bikin, sarkin kuma ya fito sanye da kilt na jan tartan. Daga nan manyan mutanen kudancin ƙasar, waɗanda kakanninsu ba su taɓa ɗaura shi ba, suka shiga neman nasu. Sarauniya Victoria da mijinta Albert suka sayi gidan Balmoral a 1852, suka mayar da tartan kayan gidan sarauta. A wannan zamani ne, da kuma farkon ƙarni na 20, telolin Edinbara da Glasgo suka raba shigar gida biyu, ta rana da ta dare, bisa tsarin da attajiran Birtaniya ke bi a sauran tufafinsu.

Tushe na uku shi ne mafi ƙuruciya, wato shagunan haya. Tun daga ƙarshen ƙarni na 20 yawancin angwaye da abokansu hayar kayan suke yi. Mai shago kuwa yana son abin da zai dace da kowane tartan da kowane jiki, sai ya haɗa baƙar kwat, da farar safa, da takalmi mai doguwar igiya, ya ba kowa. Mutane da yawa sun tashi suna ganin wannan haɗin a hotunan aure har suka ɗauka shi ne asalin al'ada. Wanda ya san daga wane tushe kowace ƙa'ida ta fito, shi ne ke iya gane wadda za a riƙe da kyau da wadda za a iya sassautawa.

Ɗaurin kilt ɗin kansa

Kafin a zo ga sauran kaya, sai kilt ɗin ya zauna daidai, domin komai da shi ake auna shi. Ninki yana baya, ba ya zuwa gaba. Ana fara kawo shafin dama ya ratsa ciki zuwa hagu, a zura maɗaurinsa ta wata 'yar kafa a ɗaure, sannan shafin hagu ya hau kansa a ɗaure a ƙugun dama, inda gezar bakin yadin ke sauka. Ba a ɗaura shi a inda ake ɗaura wando. Sama yake hawa, ya kai cibiya ko ya ɗan wuce ta, bakinsa na ƙasa kuma ya tsaya tsakanin saman ƙoƙon gwiwa da tsakiyarsa. Idan ya sauko ya rufe gwiwa har ya haɗu da safa, shigar ta lalace ko da sauran kayan na azurfa ne, domin wannan ɗan fili na fata da ke tsakanin bakin kilt da bakin safa shi ne ke raba jiki kashi-kashi yadda ido ke so. Wannan tsayin ƙugu shi ne kuma dalilin da ya sa kwat ɗin da ake sawa da wando ba ta shiga da kilt: tsawonta kan rufe ninkin baya, gabanta kuma ya danne jaka.

Abu uku masana shigar ke dubawa. Na farko, kayan duka su kasance a mataki ɗaya, kada a sa jakar dare mai kan azurfa a kan kwat ɗin farauta, ko takalmin hawan dutse a ƙarƙashin kwat ɗin liyafa. Na biyu, fata ta bi fata, ƙarfe ya bi ƙarfe: idan takalmi ruwan ƙasa ne, jaka da bel ma haka, idan maɓallan kwat farin ƙarfe ne, kan jaka da fil ma su zama farare. Na uku, kuma shi ne wanda aka fi karyawa, tartan kaɗai ake bari ya ɗaga murya. Yadin da ke ɗauke da launi huɗu ko biyar ba ya bukatar abokin gasa.

Riga da kwat

Da rana ana sa kwat ɗin tuwid, wato saƙar ulu mai kauri da ɗan kaushi, mai launin ƙasa, ko toka, ko kore mai duhu, da maɓallan ƙahon barewa. Mafi shahara shi ne Harris Tweed, wanda wata dokar majalisa ta 1993 ta tanadi cewa sai an rina ulunsa an kaɗa shi a tsibiran Hebrides na waje, kuma mazauna tsibiran sun saƙa shi da hannu a gidajensu, kafin a buga masa hatimi. A ƙarƙashin kwat ɗin ana sa shat mai kwala ta yau da kullum, fara, ko shuɗiya mai haske, ko mai siraran layuka marasa hayaniya, da naktaye na ulu mai launi ɗaya. Falmaran mai maɓalli 5 na iya shiga ko a bar ta. Wannan ce shigar da Sarki Charles na 3 kan fito da ita a wasannin gargajiya na Braemar, da ake yi ranar Asabar ta farko a watan Satumba, kuma ga mai neman abin koyi da wuya a samu wanda ya fi ta: tuwid, jakar fata marar ƙyalli, safa mai launi, da takalmi mai igiya na yau da kullum.

Baƙar kwat ɗin Argyll ita ce ta tsakiya. Ɗinkinta ɗaya da ta tuwid, sai dai yadinta baƙin ulu ne mai santsi, maɓallanta kuma farin ƙarfe. Da dogon naktaye da falmaran mai maɓalli 5 takan dace da ɗaurin aure, da bikin yaye ɗalibai, da jana'iza. Da daddare kuma, idan aka sauya mata naktaye zuwa ƙaramin nan mai siffar malam-buɗe-littafi, sai ta shiga liyafa ba tare da an ga baƙuntarta ba. Wanda kuɗinsa na kwat ɗaya ne kawai, ita ake ba shi shawara ya saya. Akwai 'yan'uwanta biyu, Braemar da Crail, waɗanda bakin hannu ne kawai ya bambanta su da ita.

Kwat ɗin Prince Charlie ta dare ce zalla. Gajera ce a gaba, da 'yar wutsiya a baya, bakin ƙirjinta na siliki, maɓallanta jere a gaba da hannu da baya. Ba a rufe ta. Ana sa ta da falmaran mai maɓalli 3 mai zurfin wuya, da farar shat, da baƙin ƙaramin naktaye. Sunan Yarima Charles Edward Stuart, jagoran tawayen 1745, aka laƙaba mata, amma ɗinki ne na farkon ƙarni na 20. Dogon naktaye ba ya shiga da ita. Sama da ita akwai rukunin da ake kira dablet, irin su Montrose, da Sheriffmuir, da Kenmore, waɗanda sau da yawa da karan-miski ake ɗinka su, a sa su da leshi a wuya da bakin hannu, domin manyan raye-rayen dare irin wanda ake yi kowace shekara a Landan da sunan Royal Caledonian Ball.

Akwai wata sakakkiyar riga marar maɓalli, mai igiyar fata a wuya, da ake sayarwa da sunan rigar gili ko rigar Jacobite, wato ta magoya bayan gidan Stuart. Tana da daɗin sawa a wurin rawa, inda zafi kan yi yawa, amma ba tsohuwar riga ba ce kamar yadda sunan ke nunawa. Ƙirƙirar zamani ce. Ba a sa mata naktaye, ba a kuma haɗa ta da kwat ɗin dare.

Jakar gaba da bel

Kilt ba shi da aljihu, shi ya sa ake rataya jaka a gaba. Sunanta sporan, wato jakar kuɗi a harshen Gelik. Bayan ɗaukar kuɗi da makulli da waya, nauyinta na danne shafin gaba idan mutum ya zauna. Wurin zamanta kimanin faɗin tafin hannu ne ƙasa da kan bel ko bakin falmaran, a tsakiya daidai. Idan ta sauko ƙasa da haka takan riƙa dukan cinya, ta kuma jawo yadin ya tattare a ƙarƙashin ciki.

Ta rana fata ce zalla, baƙa ko ruwan ƙasa, mai marfi, sau da yawa da tuntu 3 na fata. Ta dare gabanta fata ce mai gashi, samanta kuma baka ne na azurfa ko wani farin ƙarfe mai zane. Da can fatar wata dabbar teku da ake kira sil aka fi amfani da ita, amma tun da Tarayyar Turai ta hana cinikin kayan wannan dabba da dokar 2009, sai aka koma ga fatar saniya mai gashi, da ta zomo, da gashin roba. Akwai ta tsakiya, mai marfin fata da gaba mai gashi, wadda ake haɗawa da Argyll. Doguwar nan mai gashin wutsiyar doki da ke kaiwa bakin kilt ta sojoji ce da masu busa algaita mai jakar iska, ba ta mai zuwa biki ba.

Da sarƙa ko da siririn maɗaurin fata ake rataya ta. Sarƙa ta fi ƙyalli, amma tana cin ulu a hankali, don haka masu sa kilt kullum sun fi son fata. In za a yi rawa da abokiyar rawa, ko za a tuƙa mota, sai a murɗa jakar zuwa gefen ƙugu.

Bel ɗin kilt faffaɗa ne, kusan santimita 6, da babban kai na ƙarfe. Ba shi ke riƙe kilt ba, maɗauransa ne ke riƙe shi. Ana sa shi idan babu falmaran, domin ya rufe mahaɗar shat da yadi. Idan akwai falmaran sai a ajiye shi, don kansa kan leƙo ta ƙarƙashinta, ya tokare ta.

Safa da wuƙa

Safar kilt doguwa ce, ta ulu, ana naɗe bakinta a ƙasan gwiwa da kamar faɗin yatsa 2 ko 3. A ƙarƙashin naɗin akwai maɗauri na roba da ke riƙe ta, a jikinsa kuma 'yan ƙyallaye biyu masu baki kamar wutsiyar kifi suna leƙowa. Gefen waje na ƙafa ake juya su, ba gaba ba, kuma na dama da na hagu su zo tsayi ɗaya.

A kan launin safa ne aka fi yin gardama. Farar safa tas, wadda shagunan haya da ƙungiyoyin masu busa suka yaɗa, ita ce mafi yawa a hotuna, amma masu riƙo da tsohon tsari ba sa son ta, kuma suna da hujja: fari na jan ido zuwa ƙwauri, ya bar tartan a baya. Da rana an fi son kore mai duhu, da shuɗi mai duhu, da ruwan toka, da ruwan hanta, da launukan nan masu laushi da ake kira lovat, waɗanda cakuɗen kore da shuɗi da toka ne. Ruwan madara ma ya fi fari tas kwanciya a ido. Da dare baƙa ko mai duhu ta wadatar, amma cikar ado ita ce safar da aka saƙa da launukan tartan ɗin mutum, ko mai gida-gida, ja da baƙi ko ja da fari. A zamanin da ba saƙa safa ake yi da allura ba, yanka ta ake yi daga yadin tartan a karkace, a ɗinke ta baya, kuma daga nan ne zanen nan mai kusurwa huɗu a tsaye ya samo asali.

A cikin safar ƙafar dama, ko ta hagu ga bahago, ake soke ƙaramar wuƙa mai kube da ake kira sgian dubh, ana furta shi kamar "skiyan du", ma'anarsa baƙar wuƙa. Kan marikinta kawai ake bari a waje. Ta rana marikinta ƙahon barewa ne ko itace. Ta dare baƙin itace ne mai sassaƙa, da azurfa, da dutse mai ruwan zuma a kai, irin wanda ake samu a tsaunukan Cairngorm har ya ɗauki sunansu. Dokar laifuffuka ta Sikotilan ta 1995, wadda ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a, ta amince da uzurin cewa wuƙar ɓangare ce ta tufafin ƙasa, haka ma dokar 1988 ta Ingila da Wels. Duk da haka ba a shiga jirgin sama da ita a jiki, filayen wasa da yawa ma ba sa bari, shi ya sa ake sayar da wadda ba ta da kaifi ko kaɗan, mariƙi da kube ne a haɗe.

Takalmi

Kalmar brog da ake kiran takalmin nan mai huje-huje da ita daga bròg ta fito, wato takalmi a harshen Gelik. A wajen 1543 wani malamin coci ɗan arewacin Sikotilan, John Elder, ya rubuta wa Sarki Henry na 8 na Ingila wasiƙa, a ciki ya bayyana yadda mutanensa kan feɗe barewa, su yanki ɗanyar fatar daidai ƙafa, gashin na waje, su huhhuda ta domin ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita, su ɗaure da tsirkiya a saman idon sawu. Hailan ƙasa ce mai fadama da ruwan sama, kuma takalmin da ke riƙe ruwa ba shi da amfani a can. Hujin da ke jikin brog na yau ado ne kawai, ba ya ratsa fatar, amma daga wancan ya gado shi.

Takalmin da aka fi dangantawa da kilt shi ne gili brog. Gille a Gelik na nufin yaro ko bara, musamman mai rakiyar maigida farauta. Ba shi da harshe, samansa a buɗe yake, igiyarsa kuma doguwa ce ƙwarai. Yadda ake ɗaure shi: a ja igiyar ta kama ƙafa, a murɗa bakin biyu da juna sau 3 zuwa 5 a gaban idon sawu har su zama kamar tufka, a zagaya da su ta baya a gicciya, a dawo da su gaba ko gefen waje, a ƙulla. Kuskuren da sabon shiga kan yi shi ne ya hau da igiyar har sharaɓa yana gicciyawa. Ba a yin haka. Kusa da idon sawu take tsayawa, in ba haka ba tana zamewa da an yi taku kaɗan, tuntun bakinta ya riƙa jan ƙasa.

Sai dai gili brog ba wajibi ba ne, kuma nan ne shagunan haya suka fi rikita mutane. Da rana, brog na yau da kullum mai harshe, baƙi ko ruwan ƙasa, shi ne zaɓin da ya fi dacewa da tuwid, kuma shi manyan gidajen Hailan suka saba sawa. Baƙin takalmi shafaffe mai igiya, wanda ya sha goga, ya isa ga Argyll. A mataki na ƙoli kuwa, tare da dablet da leshi, takalmin da ya dace shi ne mai maɗauri a bisa ƙafa da ƙarfen azurfa a gaba, na baƙar fata mai sheƙi. Masu rawar gargajiya suna da nasu, mai laushi kamar huffi, marar dunduniya, wanda ba a fita titi da shi. Farin mayafin takalmi da ake gani a ƙafar sojoji masu busa kayan fareti ne.

Launin takalmi shi ke jan sauran fatu. Ruwan ƙasa na rana ne, yana tafiya da jaka da bel masu ruwan ƙasa, da ƙarfen tagulla, da maɓallan ƙaho. Baƙi na shiga rana da dare. Takalmi mai dogon baki siriri, ko marar nauyi sosai, kan bayyana ƙarami a ƙarƙashin safa mai kauri da yadi mai nauyi, don haka ake son mai ɗan faɗi da tafi mai kauri.

Zaɓen launi

Hanyar da teloli ke koyarwa ita ce a shimfiɗa kilt a hasken rana, a nemi launin da ya fi ƙaranci a cikinsa, wato siririn layin da ke ratsawa, a ɗauke shi a ba naktaye ko ƙyallayen safa. Ita kuma safar a ba ta ɗaya daga cikin launuka masu duhu. Tartan ɗin Black Watch, na rundunar da aka kafa a 1739, shuɗi ne mai duhu da kore da baƙi, ba shi da layi mai haske, don haka yakan karɓi safa kore ko ruwan toka, da jajayen ƙyallaye domin a sami ɗan abin da zai farkar da ido. Royal Stewart ja ne jawur, da layukan shuɗi, da kore, da baƙi, da rawaya, da fari. Jar safa a ƙarƙashinsa ta yi yawa, kore ko shuɗi mai duhu ne ke kwantar da shi. MacLeod na Lewis, rawaya da baƙi da siririn ja, baƙar safa da baƙar kwat kawai yake so.

Tartan ɗaya kan zo da rini iri-iri. Wanda ake kira na zamani shi ne mai duhu da ƙarfi, irin na rinin kimiyya da ya bayyana bayan 1856. Wanda ake kira na da ya fi haske, jansa ya karkata zuwa ruwan goro, shuɗinsa kamar sararin sama. An yi shi ne daga baya domin kwaikwayon rinin itatuwa. Akwai kuma koɗaɗɗe, mai ruwan ƙasa da toka. Na zamani ya fi kyau da baƙar kwat da azurfa, sauran biyun kuwa da tuwid da fata ruwan ƙasa. Naktaye na tartan iri ɗaya da kilt abu ne da ake sayarwa ko'ina, amma da yawa daga masana na ganin maimaici ne. Tartan biyu mabambanta a jiki ɗaya kuwa sai wanda ya ƙware ƙwarai.

Babu dokar da ta hana mutum sa tartan ɗin dangin da ba nasa ba, sai dai al'ada ta keɓe na Balmoral, wanda Albert ya tsara a 1853, ga gidan sarauta. Rajistar tartan ta hukuma, wadda ta fara aiki a 2009, tana ɗauke da dubbai, na garuruwa da makarantu da kamfanoni da al'ummomi. A 2012 aka fito da tartan na Musulmin Sikotilan: shuɗi domin tutar ƙasar, kore domin Musulunci, fararen layuka 5 domin shika-shikan Musulunci, masu ruwan zinariya 6 domin rukunan imani, da baƙin murabba'i domin Ka'aba. Wanda ba ya son buɗe gwiwa yana da wandon tartan da ake kira trews, shi ma tsohon tufafin Hailan ne, ana sa shi da kwat iri ɗaya amma ba jakar gaba.

Fil, mayafi da hula

Fil ɗin kilt ana maƙala shi a kusurwar ƙasa ta shafin sama, ɓangaren geza, kamar santimita 10 daga baki. Aikinsa ya ba kusurwar nauyi don kada iska ta ɗaga ta. Shafin sama kaɗai yake kamawa. Idan aka haɗa shafi biyu da shi, kilt ba zai buɗe yadda ya kamata ba wajen tafiya, kuma yadin na iya yagewa.

Mayafin kafaɗa, wanda ragowar tsohon babban naɗi ne, ana ratsa shi ta maɗaurin kafaɗar hagu a kama da babban fil mai zagaye, ya zuba ta baya. Dole ya zama tartan ɗaya da kilt. A wurin aure galibi ango kaɗai ke sa shi, don a bambanta shi da abokansa.

Hula iri biyu ce: Balmoral, mai taushi da faɗi da tuntu a tsakiya, da Glengarry, mai kama da kwale-kwale, wadda ake iya ninkewa. Ana cire su a cikin ɗaki. A gefen hagu ake maƙala bajon dangi, kuma a nan akwai ƙa'ida ta gaske, wadda kotun Lord Lyon, mai kula da tambarin gidaje a Sikotilan, ke tsarewa. Tambarin na shugaban dangi ne shi kaɗai. Mabiyi na sa shi ne a cikin zoben bel da ƙarfensa, alamar biyayya. Gashin gaggafa a bayan bajo shi ma ba ado ba ne da kowa ke ɗauka: shugaban dangi 3, shugaban reshe 2, mai tambarin kansa 1.

Shigar yau da kullum

Ba kullum ake bin duk wannan ba. Magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Sikotilan, da ake wa laƙabi da Tartan Army, sun cika titunan Munik a ranar 14 ga Yuni, 2024, lokacin wasan buɗe gasar Turai da ƙungiyar ta buga da Jamus, sanye da kilt da rigar ƙungiya da manyan takalman aiki, safa a tattare a bakin takalmi. Wannan ma shiga ce mai tsarinta: kaya masu nauyi a ƙasa, jakar fata marar ado, faffaɗan bel, ba fil mai dutse, ba wuƙa. A lokacin sanyi rigar ulu mai kauri kan maye gurbin kwat. Don irin wannan yawo ake ɗinka kilt mai yadi 5, wanda ya fi sauƙi da araha, wani ma ba na ulu ba, ana iya wanke shi a inji. Na ulu kuwa ba a wanke shi a gida. Bayan an cire shi sai a rataye shi ta ƙugu da maratayi mai matsewa, a bar shi ya sha iska, a ajiye shi da itacen sida ko wani maganin asu, a kuma cire fil ɗin kafin a ajiye don kada tsatsa ta kama yadin.